KAZAR FINGI DA KAJIN RUWA-BIYU: Jawabi ga Masu Kiwon Kaji na Gubi da Kewayenta



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a ga wata dukiya wadda take yawo a tsakar gida, ana korar ta da tsintsiya, alhali kuwa masana ilmin kiwo na duniya suna neman irinta ruwa a jallo. Dukiyar nan ita ce kazar fingi, watau kazar nan mai murɗaɗɗen gashi, da 'yar'uwarta mai wuya tsirara. Su biyun nan sun yi ƙaranci a ƙauyuka, kuma ƙarancin nasu ya zo daidai da lokacin da kajin ruwa-biyu, waɗanda ake kira maja, suke cika kasuwa. Za a yi bayanin dangantakar da ke tsakanin waɗannan al'amura biyu, da abin da ya kamata mai kiwo ya yi don ya ci ribar sabon iri ba tare da ya yi hasarar na gado ba.

Gubi wuri ne da ya cancanci a yi wannan magana a cikinsa. Ga madatsar ruwa wadda birnin Bauchi yake sha daga gare ta. Ga mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, inda ake koyar da aikin gona da kiwo. An kafa jami'ar a 1980, aka sa mata sunan marigayi Firayim Minista a 1988. Ga kuma birnin kansa kusa, da kasuwanninsa irin su Wunti da Muda Lawal, inda kullum ta Allah ake neman kaji da ƙwai. Ashe ke nan mai kiwo na wannan yanki yana da ruwa, yana da masana a maƙwabtaka, yana da masu saye.

MATSAYIN KAZA A GIDAN BAHAUSHE

Kafin a shiga bayanin iri, ya kyautu a tuna da matsayin kaza a zaman jama'a. A 1990 aka yi ƙidayar dabbobi ta ƙasa baki ɗaya, aka ƙiyasta cewa akwai kaji fiye da miliyan 80 a Nijeriya, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba kajin ƙauye ne masu kiwon kansu. Galibin waɗannan kaji na mata ne da yara. Kaza ita ce asusun matar ƙauye. Da ita take sayen gishiri da sabulu, da ita take biyan kuɗin magani in yaro ya kwanta, kuma sau da yawa da kuɗin kaji ake sayen akuya, da kuɗin awaki kuma a sayi maraƙi. Mace da yawa ta fara tara kayan ɗakin 'yarta da kaza ɗaya da aka ba ta kyauta.

Har ila yau kaza ita ce alamar girmamawa. Idan baƙo mai daraja ya sauka, ita ake kamawa. Ango yakan shiga ɗakin amarya da gasasshiyar kaza. Maijego da majinyaci ana yi musu farfesunta don su maida jiki. Ranar Salla gidan da bai sami halin babbar dabba ba, ba ya rasa zakaran da zai sa a tukunya. Tun kafin agogo ya wadatu, carar zakara ce take tada masu salla da masu sahur da fatake. Uwa uba kuma, kazar gida ita ce take kwanta wa zabuwa ƙwai. Kowa ya sani masu kiwon zabi a ƙasar Bauchi sukan ɗebo ƙwan zabi su sa wa kaza, ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yan kamar nata.

Harshen Hausa kansa shaida ne. Mai neman tsokana akan ce masa kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Wanda ya ci arzikin wani akan ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Wanda ya ɗaukaka duk da maƙiya akan ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Dabbar da ta shiga karin magana haka, lalle ta daɗe tare da mutane, kuma sun lura da halayenta ƙwarai.

KAJIN DA SUKA YI ƘARANCI

Kajin gida ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kwantaccen gashi, wadda ita ce mafi yawa, fara ko baƙa ko ja ko wake-wake. Akwai mai tukku. Akwai durgu, mai gajerun ƙafafu. Akwai kajin Fulani na ruga, waɗanda sukan fi sauran girman jiki. Sa'an nan akwai biyun da jawabin nan ya shafa: fingi, wadda gashinta yake murɗewa ya juyo sama kamar iska ta buso shi ta baya, da mai wuya tsirara, wadda wuyanta ja wur babu gashi, wani lokaci sai ɗan tsiro kaɗan ta gaba.

Dalilai 3 ne suka sa waɗannan kaji suke raguwa. Na farko, ƙyama. Mutane da yawa suna zaton cuta ce ta fige su, ko ƙwarƙwata ta cinye gashin. Mai saye a kasuwa yakan taya su da araha, uwargida kuma ba ta so ta miƙa wa baƙo irinsu. Saboda haka idan za a rage kaji, su ake fara yankawa. Wannan zato kuskure ne, kuma ba a nan kaɗai aka yi shi ba. A Turai da Amurka an daɗe ana tsammanin mai wuya tsirara barbarar talotalo ce da kaza, alhali kuwa kaza ce tsantsa, haka Allah Ya halicce ta.

Na biyu, camfi. Tun zamanin da, masu bori da bokaye sukan ƙayyade launi da kamannin kazar da za a kawo musu: jan zakara, ko farar kaza, ko baƙa, ko fingi. A sassa da dama na Afirka ta Yamma an yi imani cewa fingi tana tono sammun da aka binne a gida, kuma bayin da aka kwashe zuwa Amurka sun tafi da wannan imani, har jikokinsu a kudancin ƙasar suka riƙa ajiye irin wannan kaza a tsakar gida saboda haka. Abin da camfin ya haifar shi ne wani yana gudun a gan shi da fingi don kada a zarge shi, wani kuma yana sayen ta da tsada don ya yanka. Ta kowace fuska dai ba a barin ta ta hayayyafa.

Na uku, shigowar baƙin zakaru. Wannan shi ne mafi girma a yau, kuma za a dawo kansa nan gaba kaɗan.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yakan kai kimanin digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, watau ya fi na mutum, ga shi kuma tana lulluɓe da gashi kamar mai sanye da bargo. Idan rana ta take a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Bauchi yake kusantar digiri 40, ba ta da dabara sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fuka-fukai, ta rage cin abinci. Kazar da ta rage ci kuwa za ta rage ƙwai, ɓawon ƙwan ya yi laushi, girmanta ya tsaya. Masu manyan gidajen gona sun san yadda bazara take kashe kajin turawa a keji a yini ɗaya.

A nan ne fingi da mai wuya tsirara suka yi wa sauran kaji zarra. Mai wuya tsirara ba a wuya kaɗai ta rasa gashi ba. Gashin jikinta duka ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100 in ta gaji siffar ta wajen uwa ko uba kaɗai, da kimanin kashi 40 cikin 100 in ta gaje ta ta ɓangarorin biyu. Don haka zafi yana fita daga jikinta da sauƙi. Ita kuwa fingi, tun da gashinta a ɗage yake, iska tana ratsawa har fata. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu zafi sun nuna cewa irin waɗannan kaji sun fi jure bazara, suna ci gaba da ci da girma da ƙwai a lokacin da masu kwantaccen gashi suka galabaita.

Siffofin nan biyu gado ne, kowace tana da ƙwayar gado guda wadda take ɗauke da ita. A 2011 masana na Cibiyar Roslin a Sikotilan suka bayyana yadda wuyan yake zama tsirara: ƙwayar tana ƙara yawan wani sinadari mai hana gashi tsirowa, fatar wuya kuwa ta fi sauran jiki jin wannan sinadari. A 2012 wasu masanan suka gano cewa murɗewar gashin fingi ta samo asali ne daga wani ɗan canji a sinadarin da ake gina ƙashin gashin da shi. Babu cuta a ciki, babu aljani. Namansu da ƙwansu daidai suke da na kowace kaza.

Gaskiya ce kuma, kowace ni'ima da nata nauyi. Fingi ba ta iya tashi sosai, saboda haka hawa reshe da guje wa muzuru sukan yi mata wuya, kuma ruwan sama yana jiƙa ta har fata. 'Yan tsakin duka biyun sun fi jin sanyin hunturu. Waɗannan matsaloli ne da akurki mai kyau yake magancewa cikin 'yan makonni, amma zafin bazara watanni yake yi.

KAJIN RUWA-BIYU NA NIJERIYA

Kazar gida tana da juriya, amma ƙwanta kaɗan ne. Takan yi 10 zuwa 15, ta kwanta kwana 21, ta shafe makonni tana reno, sa'an nan ta sake farawa. A shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba. Kazar turawa ta ƙwai kuwa, in ta sami cikakken abinci, takan haura 250. Wannan rata ce ta sa hukumomi tun da daɗewa suke neman hanyar haɗa juriyar ta gida da yawan ƙwan baƙuwa.

Dabarar farko da aka gwada a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ita ce musayar zakaru: a karɓi zakaran gida a ba mai kiwo na turawa. Dabarar ba ta ɗore ba. Baƙon zakara bai saba da neman abinci a juji ba, bai san shaho ba, ba ya iya karawa da zakarun unguwa, kuma cuta takan ɗauke shi tun bai bar baya ba. A zamanin Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 an ƙarfafa wa jama'a gwiwa su yi kiwon kaji a bayan gida, gidajen gona suka yawaita, amma iyayen kajin daga ƙasashen waje ake sayo su. Da kuɗin waje suka yi wuya a shekarun 1980, aka ga wajibi ne ƙasa ta mallaki irinta.

Wannan aiki ya faɗa kan Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, wadda asalinta gonar gwajin dabbobi ce da aka buɗe a 1928, ta zama cibiyar ƙasa a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Masananta sun shafe shekaru suna zaɓe da tacewa, suka ware dangi 2, na uba da na uwa, waɗanda in an haɗa su ake samun jar kazar ƙwai mai suna Shika Brown. An yi mata rajista a 2000. Ita ce kazar ƙwai ta farko da aka kyautata irinta a cikin ƙasar nan don ta dace da yanayinta.

A kudu kuma, a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, Farfesa Olufunmilayo Adebambo da abokan aikinta sun fara wani aiki a 1994. Sun tattara kajin gida, har da fingi da mai wuya tsirara, suka riƙa haɗa su da baƙin iri suna zaɓen mafi kyau, zuriya bayan zuriya, fiye da shekara 20. A 2018 aka yi wa irin rajista da sunan FUNAAB Alpha. Ya kamata a lura da wannan da kyau: kazar da ake kora da tsintsiya tana cikin tushen irin da ƙasa take alfahari da shi a yau. Ban da waɗannan akwai Noiler, wadda wani kamfanin ƙyanƙyasa na Jihar Oyo ya samar don nama da ƙwai duka, ita ce kuma aka fi sani da maja a kasuwannin Arewa.

Daga 2015 zuwa 2019 an yi wani babban gwaji a Nijeriya da Habasha da Tanzaniya, inda aka raba wa mutanen ƙauye ire-iren kaji don a ga wanda zai fi dacewa da su. A Nijeriya an yi gwajin a jihohi 5, watau Kabi da Kwara da Nasarawa da Imo da Ribas, kuma an haɗa da Shika Brown da FUNAAB Alpha da Noiler da kazar Fulani da wasu iri 2 na waje. An ga cewa kajin ruwa-biyu sun fi saurin girma da yawan ƙwai a hannun mutanen ƙauye, muddin an yi musu rigakafi, an kuma ƙara musu abinci.

INDA GIZO KE SAƘA

Babu shakka kajin ruwa-biyu alheri ne. Sai dai akwai wani lissafi na gado wanda duk mai kiwo ya kamata ya sani. Wani malami a Turai mai suna Gregor Mendel ya bayyana shi a 1866, bayan ya shafe shekaru yana gwaji da wani irin wake. Kowane ɗa yana karɓar rabin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Idan aka haɗa dangi 2 masu nisa da juna, 'ya'yan farko sukan fito bai ɗaya, da ƙarfi da kuzari fiye da iyayensu. Amma idan aka bar 'ya'yan nan suka yi barbara a tsakaninsu, jikoki sai su rarrabu: wannan babba, wannan ƙarami, wannan mai ƙwai, wannan babu. Ƙarfin da aka gani da fari sai ya riƙa raguwa. Manomin da ya taɓa shuka 'ya'yan masarar zamani ta haɗi a shekara ta biyu ya san wannan labari.

Daɗin daɗawa, kajin da aka tace don ƙwai ba su cika kwanci ba, domin kwanci shi ne yake katse ƙwai, masu tace iri kuwa sun yi ƙoƙarin kawar da shi. Yanzu a duba abin da zai faru a ƙauyen da aka saki zakarun maja suna yawo. Sun fi na gida girma, uwargida ta ga sun fi kyau ta yanka nata zakaran. Bayan shekara 3 ko 4 kajin unguwa duka sun gauraye. Ba su kai maja ta asali ƙwai ba, ba su kai kazar gida juriya ba, da yawansu ba su kwanci, ba su iya kare 'yan tsaki daga shaho. Wa zai kwanta wa zabi ƙwai? Fingi da mai wuya tsirara, waɗanda dama 'yan kaɗan ne, su ne farkon ɓacewa. Matar da a da kazarta take haifa mata kaji kyauta, yanzu sai ta nemi kuɗi ta sayi 'yan tsaki kowace shekara. Masana kuma in sun zo neman tsohon iri don su kyautata sabo, sai su tarar babu.

Irin da ya ɓace ba ya dawowa. Saboda haka ne ƙasashen duniya suka hallara a Interlaken ta ƙasar Suwizalan a 2007, a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da shirin kare ire-iren dabbobin gida daga ɓacewa. A Nijeriya akwai cibiya a Ibadan, wadda aka kafa a 1987, mai kula da adana irin shuka da na dabbobi. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Amma kaza ba ƙwayar gero ba ce da za a zuba a kwalba a rufe. Rumbun ajiyarta shi ne tsakar gidan mai kiwo.

SHAWARWARI GA MAI KIWO

Na farko, wanda yake da fingi ko mai wuya tsirara kada ya sayar ko ya yanka su duka. Ya bar na iri, mace da namiji. Zakara 1 ya wadaci kaji 10.

Na biyu, a san yadda ake haɗa su. Siffofin nan biyu masu rinjaye ne, watau ko ta ɓangare ɗaya aka gaje su za su bayyana. Idan aka haɗa fingi ta yau da kullum da kaza mai kwantaccen gashi, kimanin rabin 'yan tsakin za su fito fingi. Wannan shi ne haɗi mafi kyau. Idan kuwa aka haɗa fingi da fingi, kimanin 1 cikin 4 za su gaji siffar ta ɓangarorin biyu, gashinsu ya yi rauni yana karyewa har su zama kusan tsirara, su wahala da sanyi da rana. A guji wannan. Mai wuya tsirara ba ta da wannan matsala, ana iya haɗa ta da 'yar'uwarta. Alamar wadda ta gaji siffar ta ɓangare ɗaya ita ce ɗan tsiron gashin nan na gaban wuya.

Na uku, wanda ya sayi maja ko Shika Brown ya ware musu wuri. Ya yi kiwonsu don kasuwa, ya sayar da zakarun kafin su kai wata 5, lokacin da suke fara bin kaji. In ya so sabon garke, ya sayi sababbin 'yan tsaki daga wurin da aka amince da shi. Wanda kuwa yake son ya yi nasa haɗin, ya killace zakaran maja da 'yan kaji kaɗan, ya ci ko ya sayar da 'ya'yan, ya bar sauran garken a tsantsarsa. Kajin kasuwa daban, kajin iri daban, kamar yadda manomi yake ware damin iri daga na ci.

Na huɗu, a riƙa musayar zakarun gida da ƙauyuka na nesa bayan shekara 1 ko 2. Idan zakara ya daɗe yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, ƙyanƙyasa tana raguwa, 'yan tsaki su fito raunana.

Na biyar, a tsare 'yan tsaki. Mafi yawan hasarar mai kiwon ƙauye a makonni 6 na farko take aukuwa, ta hanyar shaho da muzuru da sanyi da ruwan sama. A kife su da uwarsu a ƙarƙashin babban kwando da rana, a sa su a akurki mai rufi da dare, a ba su tsaki da dusa da gara da garin ƙuli-ƙuli. A share akurki, a barbaɗa toka saboda ƙuma da ƙwarƙwata.

Na shida, ruwa da inuwa. Kazar ƙwai ta zamani tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a yini, tana shan ruwa kimanin ninki biyu na wannan, da bazara kuwa fiye. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, kazar gida ta fi masa riba. Kada kasko ya bushe, kuma a ajiye shi a inuwa.

Na bakwai, rigakafi. Babbar annobar kaji ita ce cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950. Ta fi tsanani da hunturu. Alamunta su ne kaza ta takure, ta yi koren zawo, numfashi ya yi mata wuya, wuya ya murɗe. Ba ta da magani in ta kama, kuma ba ta bar fingi ba, ba ta bar maja ba. Amma tana da rigakafi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin, har da wani iri mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido. A yi wa kaji duka, manya da ƙanana, kafin hunturu ya shigo, a riƙa maimaitawa bayan wata 3 ko 4. Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Na takwas, idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da malamin dabbobi nan take. An tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Tana iya kama mutum. Kada a ci kazar da ta mutu, kada a garzaya da marasa lafiya kasuwa, kada yara su yi wasa da su. A haƙa rami mai zurfi a binne.

KIRA GA SHUGABANNI DA MALAMAI

Masu unguwanni da dagatai suna da rawar da za su taka. Rigakafin gida ɗaya ba ya tsare unguwa, saboda kaji ba su san katanga ba. In an sa rana guda kowa ya fito da nasa, kwalba ɗaya ta wadaci gidaje da yawa, kuɗin kuma ya yi sauƙi. Malaman addini su taimaka wajen faɗakar da jama'a cewa fingi halittar Allah ce kamar kowace kaza, ba ta kawo sharri, ba ta kore shi. Malaman gona da ɗaliban aikin gona, in sun shiga ƙauye, su tambayi iyaye mata: wace kaza ce ta fi kwanci, wace ce ta fi reno, wace ce ta tsira a shekarar da annoba ta share unguwa? Amsoshin nan ilmi ne wanda ba a rubuta ba, kuma da shi ake zaɓen iri.

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma gaskiya ne, don ci da sayarwa ake kiwo. Abin da ake roƙo kawai shi ne kafin a ɗora wuƙa a duba ko an bar na iri. Mai kiwon da ya riƙe maja don kasuwa, ya riƙe fingi da mai wuya tsirara da sauran kajin gida don iri, ya yi rigakafi a kan kari, shi ne zai sami ƙwai da damina, ya sami kaji da bazara, ya kuma bar wa 'ya'yansa abin da iyayensa suka bar masa.

Allah Ya sa albarka a kiwo, Ya kare dabbobi daga annoba, Ya ba ƙasa lafiya da wadata, amin. Wassalam.